Aikatau: Zaman Da Ba a Yanke Masa Ƙa'ida Ba

Idan wata ya ƙare, akwai baƙuwar da ba ta makara a gidaje da yawa na Kano da Kaduna da Abuja. Dattijuwa ce, da hijabi har ƙasa da jaka a hammata. Takan yi sallama, a shimfiɗa mata darduma, a kawo ruwa, ta tambayi maigida da yara, sannan a gangaro kan abin da ya kawo ta. Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da kuɗi, ko ta ce, "Bari in tura miki ta waya." Yarinyar da ta shafe wata tana shara da wanke-wanke da goyo tana durƙushe a bakin ƙofa, tana kallon kuɗin guminta yana wucewa daga hannu zuwa hannu bai biyo ta nata ba. Baƙuwar, wato dillaliya, ta cire kasonta, sauran ta ce za ta aika wa uwar yarinyar a ƙauye, ko ta riƙe har lokacin sayen kayan ɗaki. In ka tambayi yarinyar nawa ake biyanta, sau tari amsar ita ce, "Inna ce ta sani."

Tambayi Hajiya kuma matsayin yarinyar a gidan, za ta ce maka, "Ai 'yarmu ce, abin da muka ci shi take ci." A gidaje da dama gaskiya take faɗa. To amma a nan gizo yake saƙar. 'Yar gida ba a biyanta albashi, amma ana sa ta makaranta, a kai ta asibiti, a aurar da ita. Ma'aikaciya ba a aurar da ita, amma tana da albashi sananne, da lokacin tashi, da ranar hutu. 'Yar aikatau ta yau ta faɗa tsakani: ranar aiki ma'aikaciya ce, ranar biya kuma sai ta koma 'yar gida wadda kunya ke hana ta tambaya. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin masu gida da masu yi musu aiki, daga zargin sata har zuwa tafiya ba sallama, daga wannan rashin yanke ƙa'ida take tasowa.

Tsohon tsari da abin da ya rage nasa

Ba yau Bahaushe ya fara zama da wanda ba jininsa ba a cikin gida. Akwai barantaka, wadda M. G. Smith ya yi bayaninta a bincikensa na ƙasar Zazzau: mutum ya raɓi ubangida, ya yi masa hidima, shi kuma ubangida ya ɗauki nauyin cinsa da suturarsa, ya yi masa aure, wani lokaci ya ba shi jari ko ya nema masa sarauta. Akwai riƙo, inda ake ba goggo ko kaka ko aminiyar uwa yarinya ta tashi a hannunta. A labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, riƙon 'ya'yan dangi ya cika littafin, kuma mai riƙo ita ke da alhakin kayan ɗakin yarinyar. Sannan akwai bauta, wadda ba a son tunawa da ita. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bautar baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Jikokin bayin gidajen sarauta da na attajirai da yawa sun ci gaba da zama a gidajen iyayengijinsu a matsayin 'yan gida.

Kada a yi wa tsohon tsarin kwalliyar da ba tasa ba. Akwai danniya a cikinsa, kuma 'yar riƙo ta sha wuya a hannun mata da yawa. Amma yana da abu guda: idon jama'a. Ubangidan da baransa ya tsufa a ƙofar gidansa bai yi masa aure ba, abin faɗi ne a gari. Matar da ta aurar da 'yar riƙonta da ɗaki fayau, sai ta sha gori a gidan biki.

Turawan mulki su suka kawo ɗaya salon, na kuku da boyi da mai wanki da guga, masu albashi a ƙarshen wata da ɗakunansu a bayan gida, irin waɗanda har gobe ake gani a tsofaffin gidajen Nasarawa a Kano. Manyan ma'aikatan da suka gaji gidajen sun gaji tsarin. Daga baya farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka koro Buzaye daga Nijar bayan dabbobinsu sun ƙare, suka zama masu gadin manyan gidaje, da rawani da takobi da butar shayi a kan gawayi.

Abin da ke gidajenmu yau gamin gambiza ne na waɗannan biyun. Daga barantaka an ɗauko biyayya da kiran "Baba" da "Hajiya" da aikin da ba shi da lokacin tashi, an bar ɗaukar nauyin. Daga tsarin Bature an ɗauko albashin wata da ikon sallamar mutum duk ranar da aka ga dama, an bar ƙayyade aiki. Kowane ɓangare an tsinci abin da ya yi wa mai gida daɗi.

Abin da ke kawo su, da abin da ke sa a neme su

Gidan gandu ya watse a birni. Da can mace tana da kishiyoyi da faccaloli da surukuwa da ƙannen miji a tsakar gida ɗaya, in ta haihu ba ta rasa mai kama mata. Yau amarya tana tarewa a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, ita kaɗai. In malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya ko ta banki, dole wani ya zauna da yara. In kuma ba ta fita, tana bukatar mai zuwa mata cefane da niƙa. Tun a shekarun 1970 Enid Schildkrout ta nuna a bincikenta na Kano cewa sana'ar matan kulle a kan ƙafar yara take tafiya. Yanzu 'ya'yan gida suna boko da safe, Islamiyya da yamma, sai ƙafar ta zama ta 'yar wani.

A can ƙauye kuwa, lissafin uwa ba shi da wuyar ganewa. Yarinya ta tasa, manema sun fara zuwa, ga gado da katifa da kwanuka da gara suna jiranta, gona kuma ba ta ciyar da gida zuwa wata damina. Shekara biyu ko uku na aikatau a birni su ne kayan ɗakin. Haka 'yan mata ke fitowa daga ƙauyukan Jigawa da Katsina da Bauchi, wasu daga yankunan Maraɗi da Damagaram. A 'yan shekarun nan an samu ƙari: zawarawa da marayun da ta'addancin daji ya koro daga Zamfara da Sakkwato, da waɗanda rikicin Borno ya raba da gidajensu. Wanda yunwa ta koro ba ya ciniki. Abin da aka ba shi, shi zai karɓa da godiya.

Yini guda a bayan kicin

Tana tashi kafin kiran assalatu, don ruwan wankan yara ya yi zafi. Ta share tsakar gida, ta goge falo, ta soya ƙwai ko ta dama koko, ta zuba wa kowane yaro abincinsa a ɗan kwandonsa na makaranta. Ita ke ɗaura wa ƙaramin igiyar takalmi, ita ke ɗaukar jakunkuna zuwa mota, ta tsaya direba ya ja sannan ta rufe ƙofa. Wata sa'in babbar 'yar gidan sa'arta ce, shekara goma sha uku ko sha huɗu. Daga nan sai tulin kwanukan daren jiya, sai wanki, sai gyaran kayan miya, jariri kuma yana bayanta. Abincinta yakan zo bayan kowa ya ci, a tsaye ko a kan kujerar tsugunno a bayan kicin. Da dare, in an yi baƙi, ba ta kwanciya sai sun tafi. Makwancinta tabarma ce ko 'yar katifa a ɗakin yara, wani gidan a sito kusa da buhunan shinkafa.

Ba duka ake yi mata ba, ba zagi ba, a yawancin gidaje. Abin da ya fi cin ran masu aikatau, in suka saki jiki suna hira da junansu a bakin famfo ko a wajen niƙa, ƙananan abubuwa ne. Kofi da kwano da aka ware mata. Firjin da ake kullewa in za a fita. Yaro ɗan shekara shida da zai ce mata, "Ke, zo ki ɗauke wannan," uwarsa tana ji ba ta tsawata ba. Ɗinkin Sallah da aka yi wa kowa da shadda, ita aka yi mata da atamfar roba. Da kuma wanda ya fi duka: duk abin da ya ɓace a gidan, jakarta ake fara zazzagewa, in kuma aka ga ɗan kunnen a ƙarƙashin matashin Hajiya, ba mai cewa "yi haƙuri."

Akwai kuma abin da ba a faɗa sai ya ɓaci. Yarinya mai tasowa tana kwana a gidan da akwai maigida da samarin 'ya'yansa da ƙannensa, ba ta da ɗaki mai sakata, ba ta da wanda za ta kai wa ƙara. In ciki ya bayyana, abin da aka saba shi ne a haɗa mata kayanta da ɗan kuɗin mota a mayar da ita ƙauye da sunan ba ta jin magana.

Almajiri ma yana cikin wannan lissafi, ko da yake ba a cika kiransa ɗan aiki ba. Shi ke ɗebo ruwa, ya kwashe shara, ya je aike, a sallame shi da ragowar tuwo da ɗan abin da zai kai wa malam na Laraba. Hannah Hoechner, wadda ta yi bincike a tsakanin almajiran Kano, ta nuna yadda wannan aiki ya zama abin dogaron da yawansu. A 2011 wasu almajiran suka shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi, suka nuna da kansu yadda ake mu'amala da su a gidaje. Wasu sun dace da uwar ɗaki ta gari wadda ta sa su boko, har ta yi musu aure. Dace ne kawai, ba haƙƙin da za su iya nema ba.

Masu gida ma suna da ta cewa

Rashin adalci ne a ce duk laifin na Hajiya ne. Ta ɗauko yarinyar da ba ta taɓa kunna murhun gas ba, ta koya mata komai, daga goge tayil har zuwa haɗa madarar jariri. Ana cikin haka, yarinya ta ƙware, sai dillaliya ta zo da labarin "uwarta ba lafiya," ashe wani gida aka samo mai ƙarin dubu biyu, kuma sabon gida yana nufin sabon la'ada. Ko a tafi hutun Sallah a ce kwana biyar, shiru har damina ta wuce. Matar da za ta shiga aiki ƙarfe takwas ta wayi gari ba mai riƙe mata yaro. Sata ma tana faruwa, ba ƙage ba ne: direba ya rage mai, kuku ya rage cefane, mai gadi ya sayar da labarin shige da ficen gida. A watan Oktoban 2018 wani attajiri a unguwar Ikoyi ta Legas ya mutu a hannun kukunsa ɗan ƙasar Togo, 'yan kwanaki da ɗaukarsa aiki, kotu ta yanke wa kukun ɗaurin rai da rai a 2019. Irin wannan labari, haɗe da garkuwa da mutane da ta addabi Arewa, ya sa kowa yake kallon na cikin gidansa da ido ɗaya a buɗe.

Sai dai a duba inda waɗannan koke-koke suka dosa. Mai gida bai san garin su yarinyar ba, bai taɓa ganin ubanta ba, lambar dillaliya kawai yake da ita. Yarinya ba ta san ranar da za ta ga gida ba sai ta ƙirƙiro rashin lafiyar uwa. Direban da aka ɗauka don kai yara makaranta ya koma mai wankin mota da zuwa kasuwa da jiran Alhaji a ƙofar gidan abokinsa har sha biyun dare, albashi bai motsa ba, sai ya fara biyan kansa da kansa daga tankin mai. Wannan ba ya halatta sata. Amma zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma inda ba a faɗi sharaɗi tun farko ba, ranar saɓani kowa da nasa lissafin yake fitowa. Mutum ɗaya ne wannan duhu yake yi wa rana, wato dillaliya, wadda ke ci daga kowane ɓangare kuma ba mai tuhumarta.

Doka tana nan, a takarda

A ranar 16 ga Yunin 2011, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince a Janeba da yarjejeniya mai lamba 189 kan masu aikin gida. Abubuwan da ta nema ba su da yawa: a sanar da ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa, in da hali a rubuce, a biya shi da kuɗi aƙalla sau ɗaya a wata, a ba shi hutun awa 24 a jere kowane mako, a bar masa takardunsa na shaida a hannunsa. Afirka ta Kudu ta rattaba hannu a 2013, Gini a 2017, Saliyo a 2021. Nijeriya ba ta cikinsu. Rahoton ƙungiyar na 2021 ya ƙiyasta masu aikin gida a duniya sun kai miliyan 75.6, kashi 76 cikin ɗari mata ne, kuma takwas cikin kowane goma suna aiki ne ba wata kariya ta hukuma.

A gida, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta ce duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida zai sha ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai, kuma hukuncin ya haɗa da wanda ya kawo yaron da wanda ya karɓa. Mutum ya zaga unguwa ɗaya ya ƙirga 'yan raino masu goye da jarirai, zai san iya tasirin wannan doka. Kalmar "dangi" ma ƙofa ce a buɗe: in jami'i ya zo, kowace yarinya 'yar ƙanwar Hajiya ce.

Batun albashi kuwa ya fi ban dariya. A Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, har Shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya ce dokar ta shafi masu ɗaukar 'yan aikin gida. Amma dokar ta 2019, wadda aka yi wa gyaran, ta keɓe duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wane gida ne ke da 'yan aiki ashirin da biyar? A gidaje da yawa na Arewa, abin da ake ba yarinya a wata bai kai rubu'in wannan adadi ba. Kuma a yi wa masu gida adalci: malamar firamaren da ita kanta take jiran a fara biyanta sabon albashin, bayan cire tallafin mai a 2023 ya ninka kuɗin komai, ba ta da inda za ta samo shi.

Abin mamakin shi ne, ba ma sai an je Janeba ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya ji babin ijara ya san Malikiyya ba ta yarda da ɗaukar mutum aiki a kan ladan da ba a ambata ba, ko aikin da ba a fayyace iyakarsa ba. Hadisan da suka yi umarni da gaggauta biyan ɗan ƙwadago, da ciyar da mai hidima daga abin da ake ci, da hana ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, yaran Islamiyya sun haddace su. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, ya ce bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Ana karanta wannan a falo bayan la'asar, yarinyar da ba a taɓa gaya mata albashinta ba ita ke shigo da ruwan sha.

Idan mu ne a gidan wasu

Hausawa sun fi saurin gane zafin abin in 'yarsu ce a gidan Larabawa. Shekara da shekaru mata suna tafiya Jidda da Makka da Riyad aikatau, wasu da takardu, wasu a matsayin takari. Tsarin kafala yana ɗaure ma'aikaci da wanda ya kawo shi, kuma sassaucin da Saudiyya ta yi a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Idan aka turo saƙon murya na wata tana kuka an ƙwace mata fasfo, an hana ta albashi, ba ta barci sai bayan sahur, nan take za ka ji ana Allah wadai a kowane zaure. Kowane ɗaya daga cikin koke-kokenta yana da ɗan'uwa a bayan kicin ɗinmu.

A Nijar kuma, kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Oktoban 2008 kan ƙarar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a matsayin wahaya, wato ƙwarƙwara, ta yi shekaru tana bauta a gidan wani mutum a yankin Birnin Ƙonni. Kotun ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta ba da umarnin a biya ta sefa miliyan goma. Aikatau ba bauta ba ce. Amma mutumin da ya riƙe Hadijatou shi ma cewa ya yi iyalinsa ce.

Tsufa a bakin ƙofa

Akwai gidajen da suka gyara zaman ba tare da jiran gwamnati ba. Kafin yarinya ta ajiye jakarta ana kiran uwarta a waya a faɗi albashi kowa yana ji, ana ware mata rabonta a hannunta ko a asusun da ke da sunanta, ana sa ta makarantar yamma, ana faɗa mata ranar da za ta je gida da ranar da za ta dawo. Matan da ke yin haka ba waliyyai ba ne, yawancinsu sun gaji da canjin 'yan aiki ne duk bayan wata uku.

Wanda har yanzu ba a samo wa mafita ba shi ne babban ma'aikaci, direba ko kuku ko mai gadi da ya ƙare ƙuruciyarsa a gida ɗaya. Shi ya kai yaran gidan firamare, shi ya ja motar amarya ranar aurensu, suna kiransa Baba, shi kuma yana ce wa Alhaji "ranka ya daɗe" har furfura ta cika musu kai su biyun. Muddin Alhaji yana raye ba ya rasa hatsin azumi da kuɗin asibiti. Ranar da Alhaji ya rasu aka zo rabon gado, ba shi cikin magada, ba shi da takardar da ta ce ana binsa ko yana bi. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta tanadi ne a kan wuraren aiki masu ma'aikata 15 zuwa sama. A Maris na 2019 an ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho don masu sana'ar hannu da ire-irensu, amma na ganin dama ne, ma'aikaci ne ke zuba wa kansa, kuma ba abin da ya tilasta wa mai gida ƙara ko sisi. In magada masu kirki ne su ba shi tsohuwar motar ko kuɗin da zai kama haya. In kuma an sayar da gidan, mai saye yakan ba da wa'adin a kwashe kaya, har da na ɗakin da ke bakin ƙofa.